Koren Littafin Ba Zai Bi Ka Marwa Ba

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai.

Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, ya kai jirgin ƙasanku Ngaundere lafiya, ya tsare motar da za ta ɗauke ka daga can zuwa Garwa har Marwa. Na sa ta a aljihun gefe na jakarka, ƙarƙashin safa, na kuma gaya wa ƙanenka Sani kada ya faɗa maka sai jirgi ya tashi. Idan ya cika alkawari, yanzu kun wuce Obala.

Ka san ba na iya zama da kai in yi doguwar magana. Kai ne ɗan fari, sunan mahaifina gare ka, shekara talatin da ɗaya ban kira sunanka ba, ba kuma yau zan fara ba. Shi ya sa na ɗauki takarda.

Ranar Talata bayan la'asar ka tsaya a bakin kicin ina yanka kuɓewa, ka ce, "Mama, koren littafin nan naki, ki ara mini in tafi da shi. Ba ni da misali na gida da ya kai shi. Zan sauya sunaye sosai, ba wanda zai gane." Na ce maka sai na duba. Ƙarya na yi, Allah ya yafe mini, babu abin da zan duba. Amsar ita ce a'a. Littafin ba zai bi ka Marwa ba, ba ya ma hannuna. Amma mutumin da jami'a ta ɗauka ya koyar da zaman lafiya da sasanta rikici bai kamata a ce masa a'a kawai a juya baya ba. Dole in gaya maka dalili, dalilin kuwa kurakuraina ne. Na lissafa su sun yi yawa, amma uku ne suka shafi aikinka.

Ka riga ni shiga wannan fanni da shekara takwas. Ni sai da na yi shekara talatin ina koyar da 'yan firamare a Messa, na yi ritaya, sannan na koma aji ina da shekara hamsin da huɗu, ina zama benci ɗaya da sa'o'in Sani. Yau kwana sittin da uku ke nan da na kare kundina na masta. Don haka ba karatu zan koya maka ba, ka fi ni shi nesa ba kusa ba. Wuraren da na faɗi kawai zan nuna maka.

Na farko a kanka na yi shi. Kana da shekara goma sha ɗaya ka zana taswirar Kamaru don gasar makaranta, ka yi mako biyu kana yi mata launi. Sani ya yage ta ya yi jirgin takarda ya sa a kwata. Ka mare shi. Na fito daga ɗaki, ban tambayi me ya faru ba, na ce, "Kai ne babba, ba shi haƙuri." Ka ba shi. Na sa kuka yi musabaha, na koma ɗaki ina jin na iya tarbiyya, tunda gida ya yi shiru. Na san an zalunce ka. Amma kunyar ɗan fari ta hana ni tsaya maka, kuma kai ne mai sauƙin lanƙwasawa, shi kuwa Sani zai yi ta ihu har maƙwabta su leƙo. Daga ranar ba ka sake kawo mini ƙarar kowa ba. Na daɗe ina yi wa mata alfahari da hakan, ina cewa babban ba ya da matsala. Sai da na zauna a ajin jami'a malami yana bayani a kan sulhun da ake ɗora wa mai rauni nauyinsa, sannan na tuna taswirar.

Ka yafe mini. Na rubuta shi a nan don ban iya faɗa ba.

A ajinka za a yi gardama, wata rana har a ɗaga murya. Za ka so a yi shiru da wuri, za ka kuma ga wanda ya fi sauƙin cewa ya haƙura. Yawanci yarinya ce, ko wanda Faransancinsa bai nuna ba, ko wanda shi kaɗai ne daga ƙabilarsa a ajin. Kada ka ɗora masa. Ka fara tambayar me ya faru, ko da darasin ranar zai tafi a banza.

Na biyu a shekarata ta farko a jami'a ne. Akwai wata yarinya a ajinmu, Falmata, daga wani ƙauye na bakin iyaka can arewa mai nisa, inda za ka. Ita da sauran 'yan aji Lamer suke kira na, wato uwa, takan riƙe mini jaka idan za mu hau bene. Wata rana a motar haya tsakanin kasuwar Mokolo da makaranta ta ba ni labarin yadda suka bar ƙauyensu da abin da suka bari a can. Bayan kamar wata ɗaya malami yana darasi a kan mutanen da rikici ya raba da gidajensu. Ya yi tambaya, aji ya yi tsit. Ni kuwa tsohuwar malama, ba na iya ganin malami ya yi tambaya an ƙyale shi. Na ɗaga hannu na ce, "Ai muna da Falmata a nan, ita ta gani da idonta."

Kowa ya juya. Ta tashi, domin yarinya ce mai ladabi, ta yi magana minti huɗu, na duba agogon bango. Aka tafa mata. Malami ya ce wannan shaida ce mai daraja. Daga nan ba ta sake zuwa aji ba sai bayan mako uku, da ta dawo kuma sai ta koma bencin ƙarshe. Na bi ta wajen famfo na ce, "'Yata, lafiya?" Ta ce, "Lamer, ni na zo Yawunde ne in zama ɗaliba kamar kowa. Yanzu ko biro na ara sai a dube ni da tausayi. A mota na gaya miki, ba a aji ba."

Babana, a Marwa ba Falmata ɗaya za ka samu ba. Ban san adadinsu ba, ba zan kuma ƙirƙira maka ba, amma za su kasance a gabanka, ba za ka gane su a fuska ba. Abin da kake karantawa a takarda wasu da ƙafarsu suka taka shi. Kada ka nuna kowa da yatsa ka ce ya ba da labarinsa. Ka faɗa tun ranar farko cewa wanda darasi ya yi masa nauyi yana iya fita ba tare da neman izini ba, kuma ba za ka tambaye shi dalili ba. Wanda ya zo ofishinka ya gaya maka wani abu, a ofis ya gaya maka.

Da na ɗauki darasi daga Falmata da ban yi na uku ba. Na ba ta haƙuri, ta haƙura, na ɗauka na gane. Ashe rabi na gane.

Ka san gidan Alhaji Garba da ke saman layinmu, da gidan Inna Dija da ke ƙasansa, bango ɗaya ya raba su. Ka san Ramlatu jikar Inna Dija, wadda na koyar a aji huɗu, yanzu tana karatun shari'a. Ka san an kai kayan sa ranarta da Nasiru, autan Alhaji Garba. Da ka dawo daga tafiyar tattara takardun aikinka an ce maka an ɗaga bikin saboda jarrabawarta. Ba jarrabawa ba ce. Ni ce.

Shekara ashirin da biyu da suka wuce, kana da shekara tara, Alhaji Garba ya ƙara wa gidansa kicin. Wurin ya yi masa kaɗan, kamar yadda yake yi wa kowa a unguwarmu Birik, sai ya hau kan kwatar da ke sauke ruwan sama daga saman layi. Ya toshe ta da bulo, ya karkata ruwan ta bayan ɗakin Bello, ɗan Inna Dija, tela, mahaifin Ramlatu. Bello ya yi masa magana sau biyu. Alhaji ya ce bayan damina zai gyara. Ɗakin na ƙasa ne, ruwa ya yi ta cin gindinsa. Wata ranar Laraba da azahar aka yi ruwa mai ƙarfi, bangon ya faɗo wa Bello yana kan keken ɗinki. Ya yi kwana goma sha ɗaya a asibiti, Allah ya karɓi abinsa. Ramlatu tana da wata goma sha huɗu.

Unguwa ta kusa kamawa da wuta. 'Yan uwan Bello suka zo daga unguwar Nkomkana da sanduna, aka fara rarrabuwa ana cewa mutanen Garwa da jikokin Kanawa, alhali jiya tare suke cin tuwo. Dattawa suka zauna kwana uku. A ƙarshe Inna Dija ta ce ta yafe jinin ɗanta, ba kotu, ba ramuwa. Alhaji ya rushe kicin da hannunsa, ya buɗe kwatar, ya sake gina ɗakin da bulo. Aka fasa goro, aka shafa fatiha, aka ce an binne maganar. Ka san abin da binnewa take nufi a wurinmu: ba a sake tayar da ita, ko a faɗa, ko a wasa, yara kuma abin da za a gaya musu shi ne ruwa ya kayar da bango. Haka aka gaya maka, haka aka gaya wa Ramlatu.

Ni an kira ni zaman ne saboda ina rubutu, in rubuta takardar kwatar don kada wani ya sake hawa kanta. Na rubuta, aka sa hannu. Da na dawo gida sai na ɗauki koren littafi na rubuta duk abin da na ji, wane ya ce kaza, wane ya yi kuka, ƙarfe nawa aka tashi. Ba wanda ya sa ni. Halina ne, ka sani, ko kwanon da ya fashe sai na rubuta ranar.

Da lokacin kundi ya zo, malamin da ke duba aikina ya ce yana son misalin sulhun gargajiya a cikin birni, na gaske, mai cikakken bayani. Na ce ina da shi. Da ya karanta shafukan farko har tashi ya yi tsaye. Ya ce in sauya sunaye kawai. Na sauya: Alhaji ya zama Malam A, Bello ya zama Malam B, Birik ta zama wata unguwa a Yawunde. Amma sauran ban iya taɓawa ba. Faɗin kwatar santimita arba'in ne, na je na auna da kaina, yaya zan rubuta hamsin? Akwai bishiyar fiya a kusurwa da famfon unguwa a gabanta, na zana su a taswira. Na rubuta cewa marigayin tela ne, bangon ya lanƙwasa wilin kekensa, ya bar jaririya mai wata goma sha huɗu. Ina jin tsoron a kama ni da kuskure ko na santimita ɗaya. Ban ji tsoron abin da ya kamata in ji tsoro ba. Ko sau ɗaya ban taka gidan Inna Dija na ce, Inna, kin yarda? A raina na ce tsohuwa ce, ba ta karatu, kundin da Faransanci yake, zai kwanta a laburare ƙura ta rufe shi. Kai ma da ka karanta babi na uku na ga ka gane gidajen, amma ka ɗauka tsohon zance ne da kowa ya sani.

Ranar kare kundin, mata suka cika mota daga unguwa don su taya ni murna. Ramlatu ce ta dafa folere, zoɓon da za a raba wa baƙi, ta ɗauko kula biyu da kanta. Ta zauna a layi na biyu tana yi mini murmushi, tana kira na Metires, wato malama, tana cewa, "Metires, kada ki ji tsoro, yau ke za ki ba su maki." Sauran matan ba sa jin Faransancin jami'a. Ita tana ji.

Malamai uku ne a kan teburi. Na tsakiya ya ce in haska taswirar a bango in bi da su mataki mataki. Na haska. Na nuna kwatar, na nuna fiya, na nuna famfo. Ina cikin bayanin keken ɗinki sai idona ya faɗa kanta. Babana, keken nan yana ɗakinta har yau, da lanƙwasasshen wilinsa, a kansa take ajiye littattafanta. Murmushin ya tafi. Ba ta yi kuka ba. Ta tashi a hankali, ta gyara mayafinta, ta bi ta gefen bango ta fita. Ni kuwa na ci gaba da magana minti goma sha biyu, domin ban san yadda ake tsayawa ba. Aka ba ni sakamako mafi girma, aka sa mini riga da hula, mata suka yi guɗa, muka sha zoɓonta.

Kwana uku bayan haka Ramlatu ta sa aka mayar da kayan sa rana gidan Alhaji Garba. Kawunnanta na Nkomkana, waɗanda suka ajiye sanduna shekara ashirin da biyu, suka fara zuwa layinmu suna tsayawa a bakin famfo ba sa gaida kowa. Nasiru, wanda bai san komai ba shi ma, ya daina fita shago. Alhaji ya daina zuwa masallacin layi.

Na yi kwana biyar ban fita ba. Babanka ne ya ce, "Kin karanta sulhu shekara biyu, an ba ki hula. To, ga aiki a ƙofar gida." Na ji haushinsa, amma na sa hijabi.

Zuwana na farko Inna Dija ba ta amsa sallamata ba. Na biyu ta amsa, ta bar ni a tsaye. Na uku ta turo mini tire na wake da ƙafa, ta nuna mini tabarma. Na tsince waken tas, awa ɗaya da rabi. Na huɗu ma wake. A na biyar ne ta dube ni ta ce, "Metires, an ce Nasara sun ba ki hula mai jela."

Na ce, "Ba Nasara ba ne, Inna, 'yan ƙasa ne."

Ta ce, "To, madalla, 'yan ƙasa. Da Bellona kika saye ta?"

Na ce, "Inna, na sauya sunansa."

Ta ce, "Kin sauya sunansa. Kekensa fa, kin sauya? 'Yarsa fa? Ni na haɗiye wannan abu shekara ashirin da biyu, kullum ina ganin mutumin nan yana wucewa masallaci ina ce masa ina kwana, don yarinyar nan ta tashi ba ta ƙin kowa. Kina tsammani mantawa na yi? Ke da muka kira ki rubuta mana kwata, ashe mu kike rubutawa."

Ban kare kaina ba. Duk abin da na karanta a kan sauraro, ranar ce na fara yin sa. Na ce na yi laifi, ban kawo wani amma ba. Ta ce in ƙarasa waken.

Ramlatu ita da kanta ta zo gidanmu, ranar wata Lahadi da hantsi, kana wajen ɗaurin auren abokinka. Ta ƙi zama. Ta ce, "Metires, malamai uku da mutum fiye da arba'in sun ji yadda ubana ya mutu a lokaci ɗaya da ni. Wasunsu suna danna waya. Ina son littafin da kika kwafo." Na ɗauko na ba ta. Bayan kwana huɗu ta dawo, wannan karon ta zauna. Ta ce ta karanta sau biyu. Ta ce, "Kin rubuta abin da mutum goma sha bakwai suka ce. Har wanda ya yi tari kin rubuta. Ni ina bayan Inna a goye, an yafe jinin ubana a madadina, an kuma yanke cewa ba za a gaya mini ba har in auri ɗan gidan. Ke kin yi laifi, amma ba ke kaɗai ba."

Wannan magana ta tsaya mini, ina so ta tsaya maka. A kundina na yabi binnewa shafi tara, na ce hikima ce da ta hana jini zuba. Gaskiya ne ta hana. Amma ban tambayi wa aka binne tare da maganar ba. Idan ka zo koyar da sulhun gargajiya kada ka raina shi kamar yadda wasu masu digiri suke yi, domin ya riƙe layinmu shekara ashirin da biyu ba ɗan sanda ko ɗaya. Kada kuma ka yi masa ado kamar yadda na yi. Ka sa ɗalibanka su tambaya: wa ya zauna, wa ba a kira ba, wa yake goye a baya?

Ramlatu ta kafa sharaɗi. A sake zama, ita ma a ciki, Alhaji Garba ya gaya mata da bakinsa abin da ya faru, ba daga takarda ba. Dattawa suka ce ba a tone abin da aka shafa wa fatiha. Ta ce ai an riga an tone, da na'urar haska bango ma. Na yi ta zirga-zirga tsakanin gidajen da gidan liman, sau tara, a'a, sau goma da na ranar da ban same shi ba. Alhaji ya fi kowa wuya. Shekararsa saba'in da takwas, ya ce mini, "Malama, na fi son kotu da idon yarinyar nan." A ƙarshe ya yarda.

An zauna ranar Juma'ar da ta wuce bayan la'asar, a ɗakin Inna Dija, ɗakin da aka sake ginawa. An kira ni. Ina cire takalmi a bakin ƙofa Inna ta ce, "Tsaya. Buɗe jakar." Na buɗe. Ta leƙa ta ga bik ɗina, shuɗin biron nan da na rubuta jarrabawa da shi. Ta ce, "Wannan ma ya cire takalminsa ya jira a waje." Matan da ke tsakar gida suka yi dariya, ita ce dariyar farko da na ji a gidan tun ranar kundin. Na sa shi a cikin takalmina na shiga.

Abin da aka faɗa a ɗakin ba zan gaya maka ba. Ban san ma minti nawa muka yi ba, ban duba agogo ba.

Abin da zan iya gaya maka shi ne wanda duk layi ya gani. Ranar Asabar da safe Alhaji Garba ya fito da fartanya yana yashe kwatar, alhali ba ta toshe ba. Nasiru ya zo zai karɓa, ya hana shi. Can sai Ramlatu ta fito da kujera ta ajiye a gindin fiya, ta koma ciki. Ya gama, ya zauna a kai. Kawunnan Nkomkana ba su zo famfo ba tun ranar. Kayan sa rana kuwa har yanzu suna gidan Alhaji, ba a mayar ba. Ban sani ba ko za a yi auren. Ina roƙon Allah dare da rana, domin yaran suna son juna, kuma ni na shiga tsakaninsu. Amma ba zan rubuta maka abin da ban tabbatar ba. Ranar Litinin zan koma, an ce akwai gyaɗa da za a ɓare. Zan yi ta komawa har ranar da Inna za ta ce na isa.

Na kuma kai takarda makaranta na roƙi a ba ni kwafin kundina da ke laburare in cire babi na uku in sake shi. Malamina ya ce shi ne babi mafi kyau, ya ce za a iya buga shi a mujalla da sunana. Na ce na sani. Ya ce in yi tunani. Na ce na yi, kwana sittin.

Kada ka ce to ga shi na zuba maka labarin duka a takarda. Na nemi izini kafin in ɗauki biro. Inna ta ce, "Gaya masa, ai ɗanmu ne, ni na yi miki wankan jegonsa. Amma kada ya sa mu a allo." Alhaji ya ɗaga kai kawai. Ramlatu ta karanta wannan wasiƙa jiya har zuwa nan, ta gyara mini abu ɗaya: na rubuta wata goma sha biyar, ta ce goma sha huɗu ne, a littafina ta gani. Littafin yana wurinta, nata ne. Ta ce in gaya maka: "Idan Yaya yana so ɗalibansa su ji, ya gayyace ni in faɗa da bakina ranar da na shirya. Idan ban shirya ba har abada, shi ke nan, ya nemi wani misali."

Na san za ka shiga aji ba tare da misalin da ka fi so ba, na san kuma sabon malami yana jin tsoron aji ya same shi hannu wofi. Ni ma na ji wannan tsoro shekara talatin. Ka yi haƙuri da shi. A can mutane za su yarda da kai, domin kana da fuskar da ake gaya wa magana, irin ta kakanka. Dattawa za su kira ka zama saboda kana rubutu. Kafin ka rubuta ka tambaya. Kafin ka kai aji ka koma ka sake tambaya, har da wanda yake ƙarami lokacin da abin ya faru. Idan sun yarda, ka karanta musu abin da ka rubuta da harshen da suke ji, ka bar su su ce cire wannan. Idan ka ga sai ka ɓata gaskiya kafin ka ɓoye mutum, kuma ba ka iya ɓata ta kamar yadda ni ban iya ba, to labarin ba na aji ba ne, ka bar shi.

Ka riƙe salla a kan lokaci. Ka sha ruwa da yawa, zafin can ba irin na Yawunde ba ne, maganin zazzaɓi yana aljihun da ka sami wannan takarda. Kada ka yi tafiyar hanya bayan magariba ko wa ya gayyace ka. Ka kira babanka idan ka sauka, ni zan ji daga wurinsa.

Allah ya tsare ka gaba da baya, ya tsare ɗalibanka daga harshenka, ya tsare ka daga nasu. Allah ya sa ka zama sanadin haɗuwar mutane, ya sa ka gama lafiya ka dawo mana lafiya. Allah ya yi maka albarka.

Idan ka ga rubutun ya bambanta da wanda ka saba, da biron Sani na rubuta. Nawa yana gidan Inna Dija. Da na fito daga zaman na tarar ta riga ta sa an ɗauke shi daga takalmin. Ranar Asabar na gan shi a hannunta tana zura mazagin wando da shi. Ta ce ya fi amfani a haka. Ban karɓa ba.

Wassalam,
Mahaifiyarka
Birik, Yawunde